Tsagar Bango: Lacca kan Girgizar Ƙasa, Damina da Tsofaffin Gidaje

 

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, barkanku da fitowa cikin wannan zafi. Na hango wasu dattawan magina sun rakuɓe can baya kusa da ƙofa. Da so samu ne, ku ne a kan wannan kujera, ni ina ƙasa ina saurare, domin abin da zan faɗa da baki, ku da hannu kuka san shi.

Da na shaida wa wani abokina cewa zan yi magana a Konni kan yadda tsofaffin gidajen dutse ke jure girgizar ƙasa, dariya ya yi har da tafawa. Ya ce, "Malam, yaushe rabon da ƙasa ta motsa a Konni, in ba tirela ce ta wuce a kan hanyar Tawa ba?" Da gaskiyarsa. Allah ya zaunar da mu a kan tsohuwar ƙasa mai nutsuwa, nesa da wuraren da manyan faya-fayen dutsen da ke ƙarƙashin duniya ke gogar juna. Afirka ta Yamma dai ta taɓa motsi: birnin Akra ya girgiza a 1939, yankin Gawal na ƙasar Gine ya girgiza a Disambar 1983 har ɗaruruwan mutane suka rasu, mutanen unguwar Mpape ta Abuja ma sun ji ƙasa na rawa a 2018. Amma mu nan tsakanin Konni da Malbaza da Illela, ba wannan ke hana mu barci ba. Watan Agusta ke hana mu barci, idan hadari ya haɗo daga gabas da tsakar dare, maigida ya tashi da tocila yana haska rufin ɗaki.

Abin da ya sa duk da haka na karɓi batun shi ne, girgizar ƙasa da damina shari'a ɗaya suke yi wa gini. Girgiza alƙali ce mai gaggawa, cikin daƙiƙa talatin ta yanke hukunci. Damina kuwa takan ɗage zama shekara bayan shekara, har mai gida ya ɗauka an kori ƙarar. Shaidun da suke kira iri ɗaya ne: tsagar da aka ƙyale, azarar da gara ta ci, kusurwar da ba a ɗaure ba. Saboda girgiza tana aikinta cikin sauri kuma a bainar jama'a, masana sun yi mata karatun ta-natsu, kuma abin da suka gano yana da amfani gare mu.

Bango kamar jaki yake. Ɗora masa kaya ta sama, zai ɗauka har ka ji tausayinsa. Amma ka zo ta gefe ka bangaje shi da kayan a bayansa, sai ya kife. Dutse da tubali suna jure danni ƙwarai. Abin da ba sa jurewa shi ne ja da turi ta gefe. To ita girgizar ƙasa ta gefe take zuwa. Ku tuna yadda mace ke riƙe faifai tana tankaɗe, tsaba na tafiya gaba da baya: haka ƙasa ke yi da gida. A nan ne ake gane ko bangaye huɗun nan gida ɗaya ne, ko kuwa baƙi huɗu ne da suka jingina da juna. Idan kusurwa ba ta sarƙe ba, bangon gabas zai yi nasa wuri, na kudu ya yi nasa, rufin da ke zaune a kansu ya rasa mazauni, ya sauko kan masu barci.

Akwai kuma lahanin da ido ba ya gani. A ƙasashe da yawa, har da ƙauyukanmu na kan dutse a Adar, akan jera duwatsu masu kyau a fuskar waje, a jera wasu a fuskar ciki, tsakiya kuma a cika da tsakuwa da laka. Ka gan shi da kauri ka ce giwa ma ba ta ture shi. Alhali bango biyu ne sirara da shara a tsakaninsu. Da an jijjiga shi, abin da ke tsakiya zai zube ƙasa ya tura fuskokin biyu waje, bangon ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Maganin da tsofaffin magina na ko'ina suka sani shi ne, bayan ƴan sahu kaɗan a sa dogon dutse guda a gicciye, wanda ya ratsa kaurin bangon daga waje har ciki. Dutse ɗaya ne, ba ya da wani kyau, amma shi ke riƙe da auren. Dutsen da aka sassaƙa ya sami fuska shimfiɗaɗɗiya shi ma ya fi mulmulallen dutsen gulbi zama, don mulmulalle neman gangarawa yake tun ranar da aka ɗora shi.

Kada in bar ku da tunanin cewa duk tsohon gini gagara-badau ne. Masu son yabon magabata sukan nuna gidan da ya tsaya, su manta da dubun da suka faɗi. Ranar 25 ga Afrilun 2015 ƙasar Nefal ta girgiza da ƙarfin maki 7.8, mutane kusan 9,000 suka rasu, kuma akasarin gidajen ƙauye da suka rushe na dutse ne da aka haɗa da laka. A daren 8 ga Satumbar 2023 girgiza mai maki 6.8 ta afka wa tsaunukan Atlas na Maroko, kudu da Marrakesh, ta kashe mutane kusan 3,000, ta kwantar da ƙauyuka na dutse da ƙasa, ta kuma ragargaza masallacin Tinmel da ke tsaye tun ƙarni na 12. Duk wanda ya ga hotunan ƙauyukan nan ya ga kamanninmu: jar ƙasa, soraye, rufin laka mai nauyi. Tsufa kaɗai ba ya tsare gini. Tambayar da ta fi amfani ita ce, waɗanda suka tsaya, me ke gare su?

Ɗauri ke gare su. A Kashmir, can tsakanin Indiya da Pakistan, akwai ginin gargajiya da ake shimfiɗa katako a kwance cikin bango, zagaye da gidan gaba ɗaya, a wajen ƙasa, a saman taga, a ƙarƙashin rufi, tamkar yadda ake ɗaure damin gero a wuri biyu ko uku. Akwai wani kuma da ake kafa firam na katako mai ƙananan gurabe, a cike kowane gurbi da dutse ko tubali. Da ƙasa ta girgiza a can a Oktoban 2005, an lura irin waɗannan gidaje sun fi maƙwabtansu tsayawa. Haka aka gani a Turkiyya bayan girgizar Izmit ta Agustan 1999, wadda ta kashe fiye da mutum 17,000: benayen kankare sun zauna a kan juna, tsofaffin gidajen katako da tubali da ake rainawa suna tsaye a gefensu, sun tsattsage amma rufinsu bai sauko ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ka yar da tukunya, ka yar da kwando, ka ga wanda zai fashe. Gidan da ke da katako a jikinsa yana ɗan lanƙwasa, duwatsun na gogar juna, ƙarfin girgizar na ƙarewa a cikin wannan gogayya, gidan ya tsage a wuri ɗari ƙanana maimakon ya rabe a wuri ɗaya babba. A birnin Kusko na ƙasar Peru ma, girgizar 1950 ta lalata cocin da Turawan Sifen suka ɗora a kan ginin mutanen Inka, amma bangon Inka na ƙasa, na duwatsun da aka sassaƙa suka shige juna ba tare da kwaɓi ba, ya kuma ɗan karkata ciki, bai gusa ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Italiya yake, domin garuruwa biyu ne maƙwabta, dukkansu na tsofaffin gidajen dutse. Ranar 24 ga Agustan 2016, da sulusin dare, ƙasa ta girgiza a tsakiyar ƙasar. Mutane kusan 300 suka rasu, mafi yawansu a garin Amatrice, wanda tsohuwar unguwarsa ta koma tsibin duwatsu. Garin Norcia kuwa, wanda nisansa da cibiyar girgizar bai bambanta sosai ba, bai yi asarar rai ba. Bambancin shi ne Norcia ta sha wuya a baya, a 1979 da 1997, kuma bayan kowace wuya an bi gidaje ana gyara: an ratsa sandunan ƙarfe daga bango zuwa bango an ɗaure, an cike gurabun da ke cikin bangaye, an kama rufi da jikin gini. Ƙarshen Oktoba na wannan shekarar wata girgizar da ta fi ƙarfi ta zo daf da Norcia, ta rushe babbar cocin garin, amma gidajen da aka ɗaure da yawa sun tsaya. Dukkansu tsofaffin gidajen dutse ne. Wani gari an yi ta komawa kansa da gyara, wani an bar shi da ƙarfin da aka haife shi da shi.

Sai Bam, a Iran, wadda ta fi kama da mu don ita birnin ƙasa ce kamar tsohuwar Kano ko Damagaram. Girgizar 26 ga Disambar 2003 ta kashe fiye da mutum 26,000, ta kuma rushe mafi yawan tsohuwar ganuwa da fadar garin, ɗaya daga cikin manyan gine-ginen ƙasa na duniya. Wani masanin tsofaffin gine-gine Ba'amurke, Randolph Langenbach, ya je ya duba ɓaraguzan, ya dawo da abu biyu da suka ba mutane mamaki. Na farko, gara ta riga ta cinye cikin bangaye da yawa, ta bar su kamar gari. Na biyu, wasu sassan da aka yi wa gyaran zamani, aka lulluɓe su da sabon tubali da sabon yaɓe, sun fi rushewa a kan wasu kangaye da ba a taɓa ba. Wato gyara ma suna ne: akwai wanda ke ƙara wa gini kwana, akwai wanda ado ne a kan ciwo.

To mu dawo gida, don ba a Iran za mu kwana ba.

Abin da Kashmir ke yi da katako, maginin Hausa ya daɗe yana yi da azara. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cika samun sa'arta ba. Ana binne ta cikin bango a saman ƙofa, a kusurwa, a inda rufi zai zauna. Da ita ake ɗaura bakan gizo da ɗaurin guga, waɗannan rufe-rufe da baƙo ke shiga soro ya ɗaga kai ya rasa ta cewa. Tubalinmu na asali mai siffar ƙwai, gindi faɗi kai tsini, ana dasa shi cikin kwaɓi sahu-sahu, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Bangon kuma yakan fara da kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, nauyinsa na zaune a gindinsa. Wanda ya tsara wannan bai taɓa jin sunan Kusko ba, amma dabara ɗaya suka kama da mutanen can.

Ba sai mun je nesa neman gwani ba. A nan ƙasar Illela, a garin Yama, akwai masallacin Juma'ar da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, manomi ne kuma magini, da ƙasa da itace da hannun mutanen gari: wani ya kawo tubali, wata ta kawo ruwa, wani ya kawo hatsi. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, sunan Yama ya shiga littattafan da ake karantawa a manyan makarantun duniya. Abin da nake so ku riƙe daga tarihinsa shi ne wannan: a 1975 rufin ya buƙaci gyara, kuma a cikin wannan gyara ne aka ɗora ƙubba, daga nan aka shiga gina hasumiyoyi huɗu na kusurwa, kowace da siffarta, har zuwa 1982. Masallacin da duniya ta yaba, a wurin gyara ya sami kamanninsa. Da mutanen Yama sun ce ai an gama gini tun 1962, da yanzu labarinsa kawai ake ba yara.

A garin Dandaji kuma, tsohon masallacin da shi wannan gwani ya gina ya kai ga lalacewa har ana maganar rushe shi. Wasu mata biyu masu zanen gini, Mariam Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. An kammala a 2018. Mai shakka ya hau mota ya je, gani ya kori ji.

Gidan ƙasa wuri uku yake mutuwa: kai, gindi da ciki.

A kai, ruwa ke neman wurin kwana. Rufin soro an yi shi da ɗan gangare don ruwa ya bi ya fita ta indararo ya zuba nesa da bango. Ledar ruwa guda ɗaya, ko sheƙar tsuntsu, ta isa ta toshe indararo. Ruwa ya taru a sama, ya jiƙa ƙasar rufin, nauyinta ya ƙaru, azara ta lotsa, wurin da ya lotsa ya ƙara tara ruwa. Mu kuma da mun ga yoyo sai mu hau da kwandon ƙasa mu ƙara. Bana a ƙara, baɗi a ƙara, ba mai kankare tsohuwar. Bayan shekara goma sha, azarar da aka ɗora wa kayan jaki tana ɗauke da kayan raƙumi. Irin wannan rufi mai nauyi na cikin abin da ya kashe mutane a Bam da Atlas, kuma shi ke danne iyali a nan cikin Agusta ba tare da ƙasa ta motsa ba.

A gindi, ruwan da ke fantsama daga ƙasa da wanda ke kwanciya a lungu su ke aiki. Danshi na hawa cikin bango, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Ruwan ya bushe, gishirin ya rage, ya riƙa marmashe bangon. Ku duba katangun unguwanninmu kamu biyu daga ƙasa, za ku ga sun rame kamar wuyan tulu. Dakalin da ake yi a gindin bango ba don zaman hira kaɗai aka ƙirƙiro shi ba, garkuwa ce. Yanzu abin ya ƙara tsanani don dalilan da ba na sama ba. Kududdufan da aka haƙa aka gina gari da ƙasarsu, su ne ke shanye ruwan gari; mun cike su da shara mun yanka filaye. Hanyoyi sun yi ta tashi har sun fi tsakar gida tudu. Ruwan da ya saba bin hanyarsa zuwa fadama ya tarar da katanga, sai ya shiga ɗaki. Ruwan da ke sauka a nan bai wuce kamar milimita 500 a shekara ba, amma a cikin ƴan makonni yake zubowa, wani lokaci rabon wata guda a dare ɗaya.

A ciki kuwa gara ce, da ɓera, da kan azarar da ke binne cikin bango yana ruɓewa inda ba mai gani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mukan kawo wannan magana a wajen sulhun ƴan'uwa, mun manta cewa wanda ya fara faɗinta bango yake kallo.

Ina yaro, a gidan kakanmu, da zarar bazara ta kama aka fara jin ƙamshin ruwa daga kudu, kakarmu ce ke fara zagaya gida da sanda tana ƙwanƙwasa bango. Inda ya yi amon ganga ta ce a fasa. Sai a jiƙa ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin dabba, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a kira gayya. Samari na kwaɓi da ƙafa, ƴan mata na jigilar ruwa, a dama fura. Kafin la'asar an yaɓe gida, gobe a koma na maƙwabci. Gidan nan ya ga haihuwar mahaifina ya ga tawa. Shekarun da muka watse, kowa ya kama gabansa, ba su kai goma ba ɗakin kakar ya zauna. Ba na ɗora laifin a kan kowa, ina cikin magada, kuma na san abin da kowannenmu ya riƙa faɗa a ransa: ai ba ni kaɗai ke da gidan ba. Gidan gado mai magada goma sha biyu ya fi kowane gida saurin faɗuwa a ƙasar Hausa, malamai kuma ku ne kuka san yadda za a yi wa wannan magana a kan mumbari.

Akwai dalilai da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma adalci ne a faɗe su. Lokacin yaɓe shi ne ƙarshen rani, daidai lokacin da samarin Adar ke can ci-rani a Najeriya ko Abijan ko Libiya. Suna dawowa sai gona. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita ruwa ya riƙa zamewa, ta yi wuya don itatuwan sun ragu. Laso, simintin kakanninmu, da katsin marina ake haɗa shi da gashin jima da dafara. Marina ta mutu, katsi ya bi ta. Azarar kirki sai an nemo ta daga nesa, daga wajen Gaya, da tsada, shi ya sa ake rufi da kowane itace aka samu. Tun wajajen 1980 aka fara koyar da gini ba katako a Nijar, rufin ƙubba da baka na tubali zalla, kuma dabara ce mai kyau, amma ita ma sai da yaɓe da indararo mai aiki.

Manyan gine-gine ma ba su tsira ba. Ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau da kansa ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masu gyara. Ranar 3 ga Satumbar 2024 tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwan sama, a daminar da ta ci rayuka fiye da 300 a Nijar. A ɗaya gefen kuma ga hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye tun sabunta ta a 1844, ga masallacin Jenne na Mali na 1907 da dukan gari ke fitowa yaɓensa kowace shekara kamar ranar salla. Itatuwan nan da ke tsirowa daga jikinsu, waɗanda masu ɗaukar hoto ke so, matakala ce. Maginin ya san za a dawo, sai ya bar wa mai yaɓe wurin taka ƙafa a jikin ginin tun ranar farko.

Na san abin da wasu matasa ke cewa a zuci: Malam, duk wannan wahala ta me, ga Malbaza nan kusa? Gaskiya ne, tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza da dutsen ƙasarmu, abin alfahari ne, kuma ba ni da faɗa da siminti. A harsashin gini, a dakali, a bakin indararo, a ɗaurin da ke zagaye saman bango, babu kamarsa. Faɗana da inda muke sa shi ne. Ka ɗauki bangon ƙasa ka shafe shi da siminti, ka ce ka huta da yaɓe har abada. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, tana kumbura tana komawa; siminti ba ya yin ko ɗaya. Ba a jimawa sai su rabu, siririyar tsaga ta buɗe a sama, ruwa ya shiga ta bayan shafen ya rasa hanyar fita. Daga waje gida fes, har da fenti. Daga ciki bango ya zama kunu. Ranar da shafen zai faɗo, falle guda yake faɗowa, ka tarar rabin kaurin bangon ya tafi. Yaɓen ƙasa ko ba komai yana nuna maka ciwonsa kowace shekara.

Gidan bulo da kankare shi ma yana da ranarsa. Rodin da ke ciki, in ruwa ya kai gare shi, tsatsa yake yi, tsatsa kuma kumbura take, ta fasa kankaren daga ciki. Buhu ɗaya da aka matsa wa ya haifi bulo fiye da ƙima, yashi mai ƙasa, ginshiƙin da ba a shayar da shi ruwa ba bayan zubawa, bene da aka ɗora a kan harsashin da aka yi don ɗaki ɗaya: duk mun san su. Girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000, akasarinsu a cikin benayen kankare, wasu ma sababbi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ilimin nan bai ɓace mana ba, mun dai san inda muke kai shi. Ku bi hanyar Konni zuwa Tawa ku dubi rumbunan ƙauyuka, manyan nan masu ciki kamar tulu. An ɗora kowanne a kan duwatsu don kada danshi da gara su kai gare shi. An rufe bakinsa da hular ciyawa. Jikinsa siriri ne, amma zagaye yake, ba kusurwar da za ta rabe. Kuma ban taɓa ganin manomin da ya ga tsaga a rumbunsa ya ce sai baɗi ba. A ranar zai kwaɓa ƙasa. Mutumin nan kuwa, ɗakin da ƴaƴansa ke kwana yana iya shekara uku da tsagar da hannu ke shiga.

Saboda haka roƙona ga masu unguwanni ƙarami ne, ba ya buƙatar kuɗin wata ƙungiya daga waje. Kafin ruwan farko, a sa rana, a zagaya gida-gida da dattijon magini guda. A hau rufi a zura sanda cikin kowane indararo. A ƙwanƙwasa bango a saurara. A soka wuƙa a kan azara inda ta shiga bango. In ta nutse kamar cikin kabewa, a canza ta. Tsagar da ke tsaye siririya a yaɓe, a cike ta. Wadda ta bi kusurwa daga sama har ƙasa, ko ta tafi a karkace daga bakin taga, ko aka liƙa mata laka aka dawo bayan mako aka tarar ta sake buɗewa, wannan bango tafiya yake, a fitar da mutane daga ɗakin kafin a fara shawarar kuɗi. A fara da gidajen gwauraye mata da tsofaffin da ƴaƴansu ke ci-rani. Ku kuma masu aiko da kuɗi daga waje, idan za ku aiko na salla, ku ware na yaɓe ku ambace shi da sunansa, don in ba ku ambata ba shinkafa za ta cinye shi.

Akwai abin da na so in kawo muku ban iya ba, wato yadda ake jiƙa makuba, kwana nawa take yi, da irin ƙasar da ke karɓarta, domin na ga ana yi ina yaro amma hannuna bai taɓa yi ba. Baba da ke can bakin ƙofa, tun ɗazu nake ganin kana girgiza kai a wasu wurare, na san akwai inda na kauce. Don Allah a ba shi hanya ya matso, a miƙa masa abin magana.